Firintar gida: mai tawada ko mai hoda?

Wace firinta ce ta dace da gida, inkijet mai tawada ko lesa mai hoda? Tambayar ta fi tasowa a lokuta biyu: idan JAMB ta buɗe rajista aka shiga hidimar fitar da silif, da kuma idan ɗaliban ajin ƙarshe suka duƙufa kan furojet, malami yana mayar musu da babi ɗaya sau huɗu. Maigida ya gaji da tura yaro bizines santa saboda shafi biyu, a biya mai adaidaita sahu zuwa da dawowa, a je kuma a tarar babu wuta, a ce farashin janareta daban ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan farashin na janareta ya daina zama abin wasa. Sai a ce bari a sayi ta gida a huta.

A nan ruɗanin yake farawa. Ko a Beirut Road ta Kano ko a Banex ta Abuja, mai shago zai nuna maka wata 'yar inkijet fara mai sheƙi, tana buga kala, tana fotokwafi, tana sikanin, kuma kuɗinta bai kai na waccan lesar mai kama da akwati ba, wadda baƙi kaɗai ta iya. Ido da aljihu duk sai su karkata ga ta farkon. Maganar da aka saba ji ita ce lesa ta ofis ce, inkijet ta gida. A ganina wannan rabon ya sa mutane da yawa cizon yatsa. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne sau nawa za a kunna ta a wata, wace irin wuta ce a gidan, sannan nawa ne cikonta idan ta ƙare.

Abin da ke faruwa a cikin kowacce

Inkijet tawadar ruwa take fesawa. Tana da wani ɓangare da masu gyara ke kira hed, wato kai, wanda ke kai-komo a kan takarda ɗauke da ƙananan hudoji ɗaruruwa, kowace huda ta fi silin gashi siranta. A firintocin HP da Canon zafi ake amfani da shi: a bayan kowace huda akwai ɗan abin ɗumamawa da ke tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfa ya tashi ya tunkuɗo ɗigo guda. Labarin da ake bayarwa a Canon shi ne a 1977 ƙarfen soda mai zafi ya taɓa allurar sirinjin da ke cike da tawada, tawadar ta tsarto, daga nan injiniyansu Ichiro Endo ya kama bakin zaren. Epson ta bi wata hanyar: wani ɗan ƙanƙanin abu ne ke lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, ya matso ɗigon waje ba tare da zafi ba.

Ita lesa babu ruwa a cikinta ko kaɗan. Hoda ce, wadda ake kira tona, garin roba mai tsananin laushi da aka haɗa da launi. A ciki akwai duram, wani bututu mai jin haske. Za a caje shi da lantarki, hasken lesa ya zana shafin a jikinsa, hodar ta manne daidai inda aka zana, sannan a shafe ta a kan takarda. Daga ƙarshe takardar ta bi ta cikin fiyuza, mai zafin da ya kusa digiri 200, ya narkar da hodar ta kama takarda. Shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi kamar rigar da aka sauke daga guga. Gary Starkweather na kamfanin Xerox ne ya haɗa ta farko mai aiki a 1971, kuma lokacin da HP ta fito da LaserJet a 1984, dala 3,495 aka sayar da ita. Tun wancan zamanin sunan “ta ofis” ya bi ta, ga shi farashin ya sauko tuntuni amma sunan bai sauka ba.

Duk sauran bayanin da ke tafe daga waɗannan biyun ya samo asali. Ruwa yana bushewa, guga kuma yana jan wuta.

Dalilin da injin ke araha, tawadar ke tsada

Kamfanonin firinta sun daɗe suna sayar da ƙaramar inkijet da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fanshe a katirij, wato ɗan gidan tawadar da ake zurawa a ciki. Kamar mutum ya ba ka doki a rabin kuɗi ne, da sharaɗin a wurinsa kaɗai za ka riƙa sayen harawa. Don sharaɗin ya tabbata ake liƙa wa katirij ɗan cif, injin ya riƙa gane na kamfani da wanda ba nasu ba. A 2016 wani sabunta manhaja da HP ta yi ya sa firintoci da dama suka daina karɓar katirij na wasu kamfanoni, aka yi ta hayaniya a Turai da Amurka, kuma a 2020 hukumar kula da gasar kasuwa ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10 kan rashin yi wa masu saye cikakken bayani game da wannan ƙullin.

Bari mu ɗora lissafi a faifai, da alƙaluman da kamfanonin suka buga da kansu. Baƙin katirij na HP 123, wanda ke shiga ƙananan DeskJet da suka cika kasuwanninmu, shafi 120 ake ƙiyasta masa, na kalar kuma 100. Rim ɗin takarda guda 500 ne. Ke nan katirij huɗu ba za su ga bayan rim ɗaya ba. Ɗalibar da furojet ɗinta shafi 80 ne aka ce ta kawo kwafi huɗu, shafi 320 ke nan, ta kusa cinye katirij uku, ba a ma zo maganar gyare-gyaren malami ba. A ɗaya gefen, tonar 85A da ke shiga LaserJet P1102 shafi 1,600 ce, tsohuwar 12A ta LaserJet 1020 kuma 2,000. Tonar 85A guda ɗaya tana aikin ƙananan katirij goma sha uku.

Sai dai a yi hattara da waɗannan lambobin. Da shafin gwaji ake auna su, kuma shafin gwajin lesa baƙi bai wuce kashi 5 cikin ɗari na takardar ba, kamar gajeriyar wasiƙa. Silif mai hoton fasfo da tambari da layuka ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Sannan katirij ko tonar da ke zuwa a cikin kwali galibi ba cikakkiya ba ce, ta ɗanɗano ce kawai. Na kala mai launi uku a gida ɗaya kuma, da zarar shuɗi ya ƙare, ja da rawayan da suka rage sun tafi a banza.

Masu son lesa suna da wata hujjar: ana cika tona a kasuwa. A kwance katirij, a zuba sabuwar hoda, a mayar, idan duram ya gaji a canza shi. Tonar 12A ma ba ta da cif, shi ya sa har gobe masu bizines santa ba sa rabuwa da tsohuwar 1020. Ciko ba ya kai asali kyau, wani lokacin ya riƙa barin dishi-dishi a gefen takarda, amma ga takardun makaranta ba wanda zai kula. Idan hodar ta zuba a riga, a kaɗe ta a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi aikin fiyuza zai yi mata.

Ta uku da ta shigo tsakani: mai tanki

Da a ce shekara ashirin baya ake wannan muhawara, da an gama ta a nan. Amma a ƙasashen da aljihu ba ya ɗaukar katirij, masu gyara sun daɗe suna jona wa inkijet kwalabe a gefe da 'yan siraran tiyo, duk wanda ya saba shiga shagon hoto ya taɓa ganinsu. Epson ta ga inda kasuwa ta dosa, a 2010 ta fito da firinta mai tanki nata na kanta, ta fara da Indonesiya. Canon da HP suka biyo baya. A nan an juya cinikin: injin ya fi tsada, tawadar kuma a kwalba take zuwa da sauƙin kuɗi. Kwalbar baƙi ta Epson 103, wadda L3110 da L3250 ke sha, shafi 4,500 aka ƙiyasta mata, rim tara cur, kalolin uku kuma 7,500. Kwalba ɗaya ke nan a madadin ƙananan katirij talatin da bakwai.

Saboda haka wanda ya ce maka inkijet tsada ce, ka tambaye shi wacce. A kuɗin kowane shafi mai tanki ta doke mai katirij, ta kuma doke ƙaramar lesa mai tonar asali. Lissafin ba shi da wuya, a gaban mai shago ma za ka iya yinsa: tambayi kuɗin ciko, raba shi da yawan shafin da aka rubuta a kwali, ka ga nawa shafi ɗaya ya faɗo. Ka gwada shi da abin da kake biya a bizines santa.

Tawada ba ta son zama

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ke samun kurtun tawada idan aka bar shi a buɗe kwana biyu cikin hunturu. Almajiri sai ya ɗiga ruwa ya motsa da alƙalami, shi ke nan. Hudar da ta fi gashi siranta ba ta motsuwa da alƙalami.

Ni jiki magayi ne. Shekarun baya na sayi 'yar ƙarama mai katirij ina ta murnar araha. Ƙarshen shekara muka yi tafiya, na bar ta a kan tebur kusa da taga, ko ƙyalle ban yafa mata ba. Bayan mako shida na dawo zan buga wa ƙanena takardar neman aiki, sai rubutu ya fito da fararen layuka a tsakiya kamar saƙar tabarma. Na sa ta ta wanke kanta sau uku, ina kallon ma'aunin tawada yana sauka. Da na kai wa mai gyara, ya zare katirij ɗin kalar, ya jiƙa tishu da ruwan ɗumi, ya danna bakinsa a kai ya ɗaga. Ga ja, ga rawaya, wurin shuɗi fari fat.

“Malam, yaushe rabonka da kunna ta?”

Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, “Ai ba lalacewa ta yi ba, zama ne ya kashe ta.” Da ya faɗi kuɗin sababbin katirij biyu, na tuna abin da na biya na sayi injin gaba ɗaya, sai na tuna da karin maganar nan ta araha ba ta ado.

Abin da ya koya mini ranar shi ne inkijet tana so a buga wani abu da ita aƙalla sau ɗaya a mako, shafin da ya taɓa kowane launi. Tana kuma so a kashe ta da maɓallinta, domin a lokacin ne hed yake komawa mazauninsa ya rufe bakinsa da wata 'yar roba. Idan aka fizge waya daga bango, ko Nepa ta ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, hed na iya tsayawa a fili baki buɗe, iskar hunturu ta yi aikinta. Mu kuwa mun san sau nawa ake ɗauke mana wuta ba sallama. Kowane wanki tawada yake ci, kuma tawadar wankin tana taruwa a wani soso a ƙasan injin, wanda ranar da lissafinsa ya cika firintar za ta tsaya cak sai an canza ko an yi mata risetin.

Akwai bambancin da ya kamata mai sayen tanki ya sani. A ƙaramar mai katirij, hed a jikin katirij ɗin yake, sabon katirij sabon hed ne. A mai tanki ta Epson hed a jikin injin yake, idan ya toshe ya ƙi wanki, gyaran ba ƙarami ba ne. Mai tanki ga gidan da ke buga abu kullum ni'ima ce. Ga gidan da sai an yi wata uku ba a taɓa ta ba, an sayi rariya ne ana fatan ta riƙe ruwa.

Lesa ba ruwanta da wannan. Hoda ba ta bushewa tunda dama a bushe take. Ka rufe ta da zani ka tafi aikin Hajji ka dawo, ka kunna, shafin farko zai fito kamar jiya ka bari.

Wuta: inda lesa ke da nata laifin

Fiyuza dutsen guga ne, kuma cinsa irin na dutsen guga ne. Ƙaramar lesa tana jan wat 300 zuwa 400 tana cikin bugu, a lokacin da take ɗumama kanta kuma takan fizgi fiye da haka sosai na 'yan daƙiƙu. Mai tanki irin L3250 wat 12 ko kusa da haka take sha, kamar ƙwan fitila ɗaya na zamani.

Mutane sukan ɗauka maganar kuɗin mita ce, musamman 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, da aka ɗaga musu yunit zuwa Naira 225 a Afrilun 2024. Ba a nan gizo ke saƙar ba. P1102 tana fitar da shafi 18 a minti, idan ta yi awa guda ba tsayawa ta haura shafi dubu, kuma ba ta ci rabin yunit ba. Matsalar ita ce fizgar farko. Ƙaramar inbata da ke ɗauke da fanka da talabijin da firji tana iya yin ƙara ta kashe kanta. Ƙaramin janaretan Tiger zai yi gurnani, fitilu su yi ƙasa. Masu ƙera UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, irin su APC ma gargaɗi suke yi kada a jona lesa a ramin da ke kan batir. Idan kuma unguwarku irin wadda wuta ke zuwa ba ƙarfi ce, fiyuza ba zai yi zafin da ya kamata ba, sai injin ya ƙi aiki ko hodar ta riƙa gogewa da yatsa.

Gidan da ya dogara da ƙaramar sola, inkijet ba za ta taɓa damun batirinsa ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba kasafai masu ba da shawara daga ƙasashen da wuta ba ta yankewa suke kawo ta ba.

Kala, hoto da ruwan sama

A hoto inkijet ce sarauniya, ba musu. Tawadar ruwa tana shiga takardar hoto ta haɗu sumul, fatar mutum ta fito kamar fata. Lesa mai kala tana da kyau ga jadawali da takardar talla, amma tona huɗu take ɗauka, sayen cikakken saiti ba ƙaramin kuɗi ba ne, hotonta kuma bai kai ba. Ga gida, ban ga dalilinta ba.

A rubutu kuma lesa ta fi tsabta, har ƙananan haruffa da wasulan Larabci suna fitowa tas. Ba ta kuma tsoron ruwa. Yawancin tawadar kala ta inkijet rini ce da ke narkewa, ɗigon ruwan sama ko zufar hannu ya isa ya dama silif ɗin jarrabawa a hanyar zuwa cibiyar CBT. Kada dai a zura takardar hoto ta inkijet a cikin lesa, rufin jikinta na iya narkewa ya ɓata fiyuza.

To, wa ya kamata ya sayi wacce

Yawancin gidajenmu baƙi suke bugawa, kuma jefi-jefi: silif ɗin JAMB, sakamakon WAEC da NECO, takardar kiran NYSC, rasit, wasiƙa, sai kuma furojet da ke zuwa gaba ɗaya kamar saukar damina. Irin wannan gidan, muddin wutarsa za ta ɗauka, ƙaramar lesa mai baƙi ce tasa. Ita ce wadda mutane ke tsallakewa a shago saboda ba ta da kwalliya.

Uwar gida mai makarantar Islamiyya ko lesin, mai sayar da kek ko turaren wuta da ke buga lakabin kaya, gidan da yara ke da aikin kala duk mako, gidan da ke kan sola, su mai tanki ta fi yi wa amfani. Ƙaramar mai katirij kuwa, a gaskiya na rasa wanda zan ce ya saya, in ban da wanda ke son sikana da fotokwafin gaggawa kuma ya san abin da zai riƙa biya. Wanda shekara ke zagayowa bai buga shafi hamsin ba, kuɗinsa ya fi amfani a aljihunsa, ya ci gaba da gaisawa da mai bizines santa.

Na hannu da tsarabar waje

Kasuwar lesa ta hannu babba ce, kuma akwai alheri a cikinta, domin injinan ofis ne da aka ƙera don aikin ƙarfi. Amma kafin ciniki, a juya bayanta a karanta farantin da ke kusa da ramin waya. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 110 zuwa 120, kuma yawancin lesa ɗaya daga ciki kawai suke karɓa. Jona mai 110 kai tsaye a bango, ƙara ɗaya ce da hayaƙi. Wasu an riga an juya su a kasuwa, wasu sai da taransfoma mai sauke wuta, kuma dole ta zama mai ƙarfin da zai ɗauki fizgar fiyuza.

Inkijet ɗin da ɗan'uwa ya kawo tsaraba ita ma tana da nata tarkon. HP tana raba katirij da yankuna: wanda ake kira 63 a Amurka shi ne 302 a Turai, shi ne 123 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Siffarsu ɗaya, zai shiga ramin daidai, injin ya ce bai san shi ba.

Kada ka bar shagon ba a jona ta a gabanka ba. Ka ce a buga maka shafin bayanin injin, a nan za ka ga jimillar shafukan da ta taɓa bugawa tun tana sabuwa, kamar yadda ake duba kilomitar mota. Ka sa a buga shafi goma a jere, ka ga ko tana jan takarda biyu-biyu ko tana cije su. Ka ɗaga shafi ɗaya a haske: tabon da ke maimaita kansa daga sama zuwa ƙasa da tazara ɗaya, galibi duram ne ya ji rauni, kuma wannan mai sauƙi ne, a 85A da 12A yana cikin katirij. Sannan ka murza babban yatsanka a kan rubutun da ƙarfi. Idan baƙi ya biyo yatsan, fiyuza ne ya gaji, ko a rage maka kuɗin sabo ko ka ce a fito maka da wata.